Wa ya ba na'urar ATM izinin biya?

Na'urar ATM ba ta san ko nawa ne a asusun mutumin da ke tsaye a gabanta ba. Ba ta san ko albashinsa ya shiga ba, ba ta san ko banki ya toshe katinsa tun jiya ba. Iyakar aikinta ta karɓi kati da lambar sirri, ta haɗa su cikin saƙo, ta aika wa babbar kwamfutar banki, ta zauna jiran amsa. In amsa ta ce a biya, sai ta ƙirgo kuɗi ta miƙo. In ta ce kada a biya, sai ta mayar wa mutum katinsa. A tsarin ISO 8583, wanda bankunan duniya ke musayar saƙonnin kati da shi, wannan hukunci yana zaune ne a gurbi na 39, kuma alamu biyu ne rak: 00 na nufin an amince, 51 na nufin abin da ke asusun bai kai ba. Duk wanda ya iya shiga tsakani ya mayar da ƙi ya koma amincewa, ya mallaki abin da ke cikin na'urar ba tare da ya fasa ƙarfe ko ya leƙa lambar sirrin kowa ba.

An kuwa yi hakan. A shekarar 2021 hukumomin Indiya suka gargaɗi bankunan ƙasar kan wata dabara da ta fara yawaita. Ɓarayi sukan taɓa wayar sadarwa da ta fito daga bayan ATM, su saƙala wata 'yar na'ura tsakaninta da akwatin da ke haɗa ta da banki, sannan su zura katin da aka riga aka toshe. Banki ya amsa da a'a, 'yar na'urar ta juya amsar a hanya, kuɗi su fito. A littafin banki babu wanda aka cire wa ko kwabo, domin a saninsa ya ƙi biya. Sai ranar da aka zo ƙirga abin da ya rage a aljihunan na'urar ake ganin giɓi. Shekara uku kafin nan, a 2018, kamfanin binciken tsaro na Positive Technologies ya gwada na'urori 26, ya tarar kashi 85 cikin ɗari ana iya kai musu hari ta hanyar sadarwa, kuma wajen ɗaya cikin huɗu za su yarda da kwamfutar bogi idan ta gabatar da kanta a matsayin banki.

Maganin wannan ɓarna ba sabo ba ne. Ya girmi yawancin ma'aikatan da ke kula da na'urorin a yau. Lambar tantance saƙo ce, wadda masana'antar ke kira MAC a taƙaice, kuma tun shekarun 1980 hukumar ƙa'idoji ta Amurka ta rubuta yadda ake lissafa ta a kundin X9.9 da X9.19. Abin da ya fi kama da ita shi ne hatimin da sarki ko alƙali ke bugawa a ƙasan wasiƙa, don wanda aka aika wa ya san daga ina ta fito. Sai dai wannan hatimi ya fi na fada wayo, domin siffarsa tana fitowa ne daga kalmomin wasiƙar kanta. Na'ura takan yanka saƙon gunduwa-gunduwa, ta cuɗa gunduwar farko da mabuɗin sirri, ta haɗa sakamakon da ta biyu, ta sake cuɗawa, har ta kai ƙarshe. Abin da ya fito sai a ɗebi alamu takwas daga cikinsa a liƙa a wutsiyar saƙon. Wanda ya karɓa yana riƙe da mabuɗi iri ɗaya. Sai ya maimaita lissafin da kansa, ya gwada. In an sauya ko alama guda a hanya, in an mayar da dubu biyar ta koma dubu hamsin ko ƙi ya koma amincewa, lissafin ba zai yi daidai ba, sai a jefar da saƙon. Mai son ya yi dace da alamun takwas ba tare da mabuɗi ba, damarsa ɗaya ce cikin sama da biliyan huɗu.

MAC ba ya ɓoye saƙo, wannan aikin wasu matakan ne irin su TLS da VPN. Abin da yake yi ya fi haka muhimmanci ga na'urar da ke riƙe da tsabar kuɗi: yana tabbatar mata cewa umarnin da ta samu daga banki ya fito, kuma yadda aka aiko shi haka ya iso.

A nan ne ake ganin wani rashin daidaito da ya daɗe a harkar. Duk wayar da kan da ake yi wa jama'a a kan lambar sirri take: kada ka faɗa wa kowa, ka rufe da hannu in za ka danna, banki ba zai taɓa tambayar ka ita ta waya ba. Gaskiya ne, kuma kamfanonin kati sun tsaurara a wannan ɓangaren. Madannan da mutum ke latsawa a jikin ATM 'yar kwamfuta ce mai zaman kanta, tana kulle lambar sirri tun kafin ta bar jikinta, kuma in aka yi ƙoƙarin buɗe ta da ƙarfi sai ta goge mabuɗan da ke cikinta. Amma sauran saƙon fa? Na'urori da yawa suna magana da banki ne da tsofaffin yarukan NDC na kamfanin NCR da DDC na Diebold, waɗanda aka tsara a zamanin da ake ɗauka cewa wayar da ke tsakanin reshe da hedikwata babu mai taɓa ta. A cikinsu amsar banki takan faɗi ƙarara takardun kuɗi nawa za a fitar daga kowane aljihu, kuma liƙa MAC zaɓi ne da ake kunnawa ko a bar shi a kashe. An killace lambar talaka da kyau, an bar umarnin da ke buɗe taskar yana yawo tsirara. Mai wannan sharhi yana ganin babu bankin da ke da uzuri a kan haka a yau.

Yadda ake saka mabuɗin aiki ne marar armashi, kuma a cikin rashin armashinsa tsaron yake. Ana fara shi ne a hedikwata, a cikin wani akwatin ƙarfe da ake kira HSM, wanda aikinsa kenan ƙirƙirar mabuɗai da ajiye su ta yadda ko injiniyan da ke kula da shi ba ya ganin su. Wanda ya fara fito da irin wannan akwati a 1973 ɗan Afirka ne, Mohamed Atalla, haifaffen Port Said a Masar, wanda ya yi rayuwar aikinsa a Amurka. Akwatin yakan fitar da babban mabuɗin na'urar a rarrabe, kashi biyu ko uku, kowane kashi alamu 32 ne na lambobi daga 0 zuwa 9 da haruffa daga A zuwa F. Kowane kashi ana rufe shi a ambulan da ke nuna alama in an buɗe, a damƙa wa mutum daban. Ranar da za a saka, mutanen su je gaban na'urar. Na farko ya shiga ɓangaren masu kula, ya danna nasa, ya matsa gefe. Na biyu ya zo ya danna nasa ba tare da na farko yana kallo ba. Madannan su haɗa kasusuwan a cikinsu su samar da mabuɗi guda, wanda babu ɗan Adam ɗin da ya taɓa ganin sa a cike.

To yaya za a san ba a yi kuskuren alama ɗaya cikin 32 ba, alhali ba a yarda a nuna mabuɗin a allo? Na'urar takan kulle jerin sifili da sabon mabuɗin, ta nuna alamu shida na farkon sakamakon. Su ne lambar gwaji. In sun dace da abin da HSM ya rubuta, an yi daidai, kuma sanin su ba ya ba kowa mabuɗin. Daga nan sai a lalata takardun a gaban shaida, a sa hannu a rajista.

Babban mabuɗin nan ba shi ke buga hatimi ba. Aikinsa ya karɓi ƙananan mabuɗan aiki da banki zai turo ta waya a kulle, ɗaya na lambar sirri, ɗaya na MAC. Raba su da gangan ne, don in ɗaya ya fallasa kada ya ja ɗayan, kuma don a iya sauya su a kai a kai ba tare da kowa ya tashi daga kujerarsa ba. Sai mataki na ƙarshe, wanda ya fi kowanne saurin kuskure: a faɗa wa na'urar waɗanne saƙonni za ta hatimce, waɗanne kuma za ta ƙi karɓa in babu hatimi. Akwai buƙatar da take aikawa. Akwai amsar da ke dawowa. Akwai kuma rahoton da take mayarwa bayan ta gama, inda take cewa kuɗi sun fito ko sun maƙale, wanda a kansa banki ke yanke ko zai mayar wa mutum kuɗinsa. Na'urar da ke hatimce buƙatarta amma ba ta duba hatimin amsa, a takarda tana da MAC, a zahiri kuwa ɓarayin Indiya za su wuce ta ba tare da sun lura akwai shi ba. Haka kuma dole kowane saƙo ya ɗauki wata lamba mai sauyawa da lokaci, in ba haka ba ɓarawo zai naɗi amsar gaskiya guda ɗaya da hatiminta, ya riƙa maimaita wa na'urar ita har aljihunanta su ƙare.

Me ya sa to ake samun na'urorin da ba a kunna musu ba? Domin MAC ba ya yafiya. In na'ura da banki suka saɓa a kan mabuɗi, ko a kan waɗanne gurabe na saƙon ne ke shiga lissafi, kowace mu'amala za ta faɗi. A kwatanta ƙarshen wata, layi ya kai bakin titi, an sauya madannan da suka lalace, mabuɗai sun goge, ɗaya daga cikin masu riƙe da ambulan yana wani gari. Manaja yana son na'ura ta tashi yau. Hanya mafi sauƙi a gaban injiniya ita ce a kashe duba hatimin, da niyyar a gyara daga baya, ko kuma mutum ɗaya ya karɓi ambulan biyu, ko a karanto masa kashi na biyu ta waya. Na'ura ta tashi, layi ya ragu, kowa ya yaba masa. Babu ƙararrawar da za ta kaɗa, domin na'urar da ba ta da hatimi tana aiki sumul kamar mai shi, har ranar da wani ya taɓa wayar. Laifin a nan ba na injiniya kaɗai ba ne. Tsarin da ke auna shi da yawan sa'o'in da na'ura ta yi tana aiki, ba ya kuma tambayar sa halin da mabuɗai ke ciki, shi ya koya masa abin da ya fi daraja.

Ɗan'uwan wannan sakaci shi ne mabuɗi guda ga na'urori ɗari. Yana sauƙaƙa aiki ƙwarai, yana kuma nufin ranar da ya fita daga na'ura ɗaya, ya fita daga dukansu.

Abin da ya faru da Postbank na Afirka ta Kudu ya nuna tsadar mabuɗin da ya faɗa hannun mutum ɗaya. Ba mabuɗin MAC na wata na'ura ba ne, wanda ke saman su duka ne. Kamar yadda jaridar Sunday Times ta ƙasar ta bayyana a watan Yunin 2020, an buga babban mabuɗin bankin mai alamu 36 a kan takarda, a fili, a tsohuwar cibiyar kwamfutocinsa da ke Pretoria a watan Disambar 2018, alhali ƙa'ida ita ce ya kasance a rarrabe a hannun mutane da yawa. Tsakanin Maris da Disambar 2019 aka yi mu'amalolin zamba kimanin 25,000, aka kwashe rand miliyan 56. Gyaran ya fi satar tsada nesa ba kusa ba: sauya kati kusan miliyan 12, a kan kuɗin da aka ƙiyasta ya kai rand biliyan 1. Yawancin katunan kuwa na masu karɓar tallafin gwamnati ne, tsofaffi da naƙasassu da iyaye masu renon yara. Lissafin da ke cikin akwatin bai gaza ba. Mutanen da aka ba amanar raba sirrin ne suka haɗa shi wuri guda.

Duk da haka, wanda ya ce MAC ya gama magance komai ya wuce gona da iri. Hatimin yana kare hanya ne daga wannan tasha zuwa waccan, ba ya kare tashar kanta. A watan Agustan 2018 aka shiga kwamfutocin bankin Cosmos da ke birnin Pune a Indiya, aka kafa cibiyar amsa ta bogi a cikin gidan, wadda ta riƙa amincewa da katunan jabu ba tare da ta tuntuɓi ainihin littafin asusu ba. Cikin 'yan sa'o'i aka cire kuɗi a ƙasashe 28, kuma da aka haɗa da abin da aka tura Hong Kong ta hanyar SWIFT, asarar ta kai rupi miliyan 940, wato kimanin dala miliyan 13 da rabi. Wata biyu bayan haka gwamnatin Amurka ta fitar da gargaɗi kan wani shiri da ta kira FASTCash, ta ɗora alhakinsa kan masu kutse na Koriya ta Arewa, ta ce suna harin bankuna a Afirka da Asiya. A hari ɗaya a 2017 an cire kuɗi lokaci guda a ƙasashe sama da 30, a wani kuma a 2018 a ƙasashe 23. Dabarar ɗaya ce: a dasa muguwar manhaja a kwamfutar da ke rarraba saƙonnin ISO 8583, ta tare buƙatun wasu katuna, ta ƙirƙiro musu amsar amincewa. Na'urar da ke can wata ƙasa za ta iya karɓar amsa mai hatimi na gaskiya daga bankinta, alhali ƙaryar tun daga sama aka zuba ta.

Abin lura shi ne shawarar da hukumomin Amurkan suka bayar ba ta ce a yi watsi da MAC ba. Ta ce masu na'urori su wajabta shi a kan amsoshin da ke zuwa daga bankin da ya ba da kati, su kuma duba shi da gaske, sannan su ƙara da hatimi na biyu, wanda ke tsakanin guntun lantarkin da ke jikin kati da akwatin HSM na bankin mai katin. Wannan na biyun yana ratsa duk tashoshin da ke tsakani ba tare da ɗayansu ta iya ƙirƙirar sa ba. Akwai kuma ɓarayin da ba ruwansu da saƙo kwata-kwata, masu huda jikin na'ura su haɗa kwamfutarsu kai tsaye da ɓangaren da ke ƙirga kuɗi. Su ma maganinsu na wannan dangi ne, wato a sa ɓangaren ya ƙi bin duk umarnin da ba a tantance ba.

Mabuɗai kuma suna tsufa. Tsarin kulle saƙo na DES, wanda aka amince da shi a Amurka a 1977, ƙungiyar EFF ta fasa shi a 1998 cikin sa'o'i 56 da injin da bai kai dala 250,000 ba. Aka koma DES mai ninki uku, shi ma yanzu hukumar NIST ta Amurka ta janye amincewarta da shi a sababbin ayyuka, ana matsawa zuwa tsarin AES. Majalisar PCI, wadda manyan kamfanonin kati suka kafa, ta wajabta a riƙa naɗe kowane mabuɗi tare da bayanin aikin da aka yi shi dominsa, don kada a yaudari akwati ya yi amfani da mabuɗin lambar sirri a wani aikin daban. Ta raba wa'adin kashi uku, na ƙarshe wanda ya shafi na'urorin ATM da na POS ya faɗo ranar 1 ga Janairun 2025. An kuma samar da hanyar tura babban mabuɗi daga nesa, inda madannan na'ura da akwatin banki ke tantance juna da takardun shaidar lantarki, ba ambulan, ba tafiya. Ga bankin da ke da rassa daga Legas zuwa Maiduguri, ko daga Yamai zuwa Diffa, wannan ita ce ke kawar da uzurin cewa mai riƙe da kashi na biyu ya yi nisa. Sai dai tana buƙatar sababbin madannai da sabuwar manhaja, kuma kuɗi ne da ba ya kawo ribar da za a nuna wa masu hannun jari a ƙarshen shekara.

A Najeriya dokar tana nan a rubuce. Ƙa'idojin Babban Bankin ƙasa kan na'urorin ATM sun ce a riƙa sauya mabuɗai duk shekara, kada a yi amfani da mabuɗi ɗaya a na'urori da yawa, kuma hanyar da saƙonni ke bi ta zama mai kare sirrinsu da ingancinsu. Saƙon mai kati a Kano ko Zariya yakan bi ta kamfanoni irin su Interswitch kafin ya isa bankinsa, kamar yadda na mai kati a Maraɗi ko Damagaram ke bi ta GIM-UEMOA da ke Dakar. Kowace mahaɗa a wannan tafiya tana da mabuɗanta, kowace kuma tana da mutanen da ke riƙe da su. Wanda ya tsaya a layi a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, ya san abin da na'ura guda mai aiki ke nufi ga unguwa. In aka kwashe ta, asarar farko ta banki ce, amma mutanen unguwar ne za su tarar da ita a rufe.

Mai kati ba shi da hanyar sanin ko na'urar da ke gabansa tana duba hatimin amsa. Ba a rubuta shi a allo, ba ya fitowa a rasit. Shi ya sa nauyin ya koma kan masu iya dubawa. Ya kamata Babban Bankin Najeriya da takwaransa BCEAO mai kula da Nijar su daina wadatuwa da takardar da ke cewa banki yana da manufa kan mabuɗai, su sa masu bincikensu su zaɓi na'ura a reshen da ya fi nisa da hedikwata, su tura mata amsar da aka sauya wa alama guda, su ga ko za ta biya. Su nemi rajistar da ke nuna su wa suka danna kasusuwan mabuɗinta da ranar da aka sauya shi, su gwada lambar gwajinta da ta na'urar da ke maƙwabtaka da ita. Duk na'urar da ta faɗi wannan jarrabawa a rufe ta har sai an gyara, ko da ƙarshen wata ne.